Hudu Mai Amya da Akwatunan Agwagi

Malam Hudu ya shekara arba'in da wani abu yana rataye amya a kan itatuwa, kuma a iya saninsa bai taɓa rataye wadda zuma ta ƙi shiga ba. Ba ya alfahari da noma, gonarsa ba ta da girma. Ba ya alfahari da karatu, ko da yake yana rubutun ajami mai tsabta. Amma in aka zo maganar hawa itace da ɗaura abu a reshe, sai ya gyara zama.

A Ɗantutture aka haife shi, cikin ƙasar Kurfi, a gidan da uba da kaka duk masu amya ne. Yana saurayi ya taho Makera wajen kawunsa, lokacin da dam ɗin Zobe bai daɗe da cika ba, ya ga ruwa da furanni, ya ce nan zuma za ta so, ya zauna. A nan ya auri Rekiya, a nan suka aurar da 'ya'yansu duka. Gajere ne, siriri, tafin ƙafarsa kamar an ƙera shi don ɓawon itace. Yana tafiya a ƙasa a hankali kamar mai ciwon baya, amma in ya kama reshe sai ka rasa inda shekarun suka tafi.

Ta hanyar 'yata ta biyu, Surayya, na san shi. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun dabbobin daji, sai ta zaɓi yin bincikenta a kan wata 'yar agwagwar daji da ke zama cikin bado a gefen dam. Ba ta fi tantabara girma da yawa ba, bayanta kore, ƙirjinta ja-ja. Hudu yana ce mata 'yar bado, mu ma muka bi shi. Ita ba ta yin ƙwai a ƙasa cikin ciyawa. Kogon tsohon itace take nema, tsofaffin itatuwan kuwa an gama da yawancinsu a murhu. Shawarar Surayya ita ce a yi mata kogon katako. Wani kafinta a Dutsin-Ma ya haɗa akwati goma sha biyu, kowanne da ƙofa zagayayya wadda hannun babba zai shiga da ƙyar. Da ta nemi wanda zai rataye su, duk wanda ta tambaya a Makera suna ɗaya ya ba ta.

Itatuwan da suka dace, layin giyayya ne da kanya biyu a bakin wani tafki da ruwan dam ke cikawa. Filin na Alhaji Rabo ne, mai sayar da hatsi, ɗan kawun Hudu, wato taubashinsa, wanda tun suna samari ba su taɓa gaisawa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Alhaji Rabo ya riga ya yi niyyar sare itatuwan ya shimfiɗa noman rani har bakin ruwa. Surayya ta je ta durƙusa ta roƙe shi. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce a gaban mutane:

"'Yan mata, na ba ki damina uku. In agwagwarki ta yi ƙwai cikin akwatin nan, na bar itatuwan har abada. In ba ta yi ba, ranar da aka gama girbi na uku, ranar za su kwanta. Ba don komai na yarda ba sai don in ga Hudu yana yi wa agwagwa bara."

An rataye su a ƙarshen Yulin 2022. Damina ta riga ta yi nisa, ba abin da ya shiga sai mujiya da ƙadangaru. Surayya ta ce ba abin damuwa ba ne, tsuntsu yakan daɗe yana kallon sabon abu kafin ya amince da shi.

A watan Disamba na wannan shekarar ta kwanta ciwo kwana tara, Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta.

Ranar sadakar uku Hudu ya zo gidana a Dutsin-Ma. Ya zauna a gefen tabarma har jama'a suka ragu, sannan ya matso ya ajiye wani littafi mai shuɗin bango a gabana, wanda yake rubuta abin da ya gani a akwatunan da ajami.

"Malam, Allah ya ba da haƙuri. Ɗiyarka ta ce in riƙa dubawa kowace Talata, na ce mata to. Saura damina biyu. Ni dai zan duba. Wanda zai maida shi boko ne babu."

Na yi ritaya daga koyarwa, ba ni da abin da ya hana ni. Na ce zan riƙa zuwa.

Aikin ba shi da wuya, sai dai yana son tsari. Ana zuwa da hantsi. Ba a hawa itacen sai dole, don kada a tsorata mai kwanci. Hudu ya ɗaure madubin babur a kan doguwar gora, yana miƙa shi bakin ƙofar akwati ya karkata shi har hasken rana ya faɗa ciki. Ana duba kwanon da aka naɗe gindin kowane itace da shi don kada guza ya hau. Ana duba ko ruwa ya jiƙa dusar katakon da ke ciki. Sannan a rubuta. Takardar da Surayya ta tsara tana da gurabe huɗu kacal: lambar akwati, abin da aka gani, yawan ƙwai, yawan 'ya'ya. Hudu bai taɓa ganin dalilin da zai sa mutum ya matse magana cikin gurbi ba. Ga abin da ya karanto mini wata Talata daga ajaminsa:

"Akwati na huɗu. Mujiya tana nan. Ta dube ni, na dube ta. Ta rame, ina jin ɓeraye sun yi ƙaranci bana. Akwati na biyar, ba kowa, amma reshen da ke kansa yana son a rage shi, na gaya wa Malam tun makon jiya bai ce komai ba."

Ni kuma in rubuta: na huɗu, mujiya, na biyar, babu. Yakan leƙo takardata ya girgiza kai, ya ce boko rowar magana gare shi.

Da rani ya sauko da akwatunan gida don ya share su, ya maida su kafin ruwan farko. A damina ta biyu, tun watan Yuni bai ƙare ba, zuma ta shiga akwati bakwai. Kafin tsakiyar Yuli ta shiga tara. Muna tsaye daga nesa muna jin gurnaninta kamar injin niƙa.

"Ikon Allah," in ji Hudu.

Na lura bai faɗe ta da muryar wanda aka yi wa asara ba. Akwai wani abu a gefen bakinsa da yake ƙoƙarin dannewa. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka mai amya ba zai iya ganin zuma ya ɓata rai ba ko da a ina ta sauka.

Alhaji Rabo kuwa abin nema ya samu. Duk inda ya hango mu sai ya tsayar da babur.

"Hudu! An ce agwaginka sun fara harbi? Jiya sun kori mai kiwo har bakin hanya."

"Kai dai ka ji da buhunanka, Alhaji. Na ji an ce ƙwaron hatsi ya fi ka ciniki bana."

"Saura ɗaya, taubashi. Na fara wasa gatari."

Na rubuta wa malamin da ya kula da binciken Surayya. Ya amsa cewa zuma takan kama akwati ɗaya ko biyu a ko'ina, amma tara cikin goma sha biyu bai taɓa jin irinsa ba, ya ce in bincika ko akwai wani abu a jikin katakon. Na je na tambayi kafinta, ya rantse ko fenti bai shafa ba.

A watan Afrilun 2024, wata ranar Alhamis, na kai buhun dusar katako Makera ba tare da na aika ba. Rekiya ta amsa sallamata daga cikin gida, ta ce maigidan yana baya. Ta faɗe ta da wata irin murya, kamar mai cewa je ka gani da idonka. Na zagaya. Hudu ya haƙa ƙananan ramuka a jere, kowanne da garwashi a ciki, ya kife akwatunan a kai. Hayaƙi fari mai ƙamshi yana fita ta ƙofofinsu. Shi kuma yana tsugune yana barbaɗa wani gari daga ƙwarya.

"Malam Hudu, me ake dafawa?"

Ya ɗago, bai ko razana ba. "Ba dahuwa ba ce, Malam. Turare ne."

"Turaren me?"

"Na gado. Busasshen kashin shanu, da kakin zuma, da wasu saiwoyi da ba a faɗi. Ai ba a rataye abu a itace ɗanye haka nan. Wa zai shiga?"

Na ajiye buhun, na nemi turmi na zauna.

"Bara ma ka yi?"

"Bara ma. Shekarar farko ce ban yi ba, don marigayiya tana tsaye kaina. Ka kuwa ga abin da ya faru, sai mujiya."

"Bara kuma sai zuma."

"To, aƙalla an shiga."

"Malam Hudu, tun zamanin kakanka, in aka yi turaren nan, wa yake zuwa?"

Ya dubi hayaƙin, ya dubi ƙwaryar da ke hannunsa. Na ga lokacin da maganar ta isa inda za ta. Mutumin nan ya san zuma fiye da kowa a ƙasar, amma bai taɓa rataye wani abu ba sai amya, don haka a wajensa turaren ba kiran zuma ba ne, kiran mai shiga ne kawai, ko wane ne.

Daga bayan zana muryar Rekiya ta fito. "Na gaya mishi, Malam. Na ce agwagwata ta gida ƙarƙashin rumbu take yi, ba wanda ya taɓa turara mata. Ya ce mi na sani game da itace."

"Ke Rekiya, da maza ake magana."

"Da maza aka yi ta bara ma."

Ya sa ƙafa ya ture akwatin farko daga kan ramin. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na ga damina guda ta wuce mata a banza. Abin da na iya shi na yi mata."

Muka kwashe sauran tare.

Mun wanke su da toka da ruwan zafi, mun shanya kwana goma. Hudu ya sa hanci ya ce ƙamshin yana nan, kuma in shi ya ji, zuma ta ji tun daga Karofi. Ruwan farko ya kusa, muka maida su kan itatuwan haka nan. Na koma wajen kafinta, ya haɗa sababbi huɗu, iyakar katakon da yake da shi ke nan. Ranar da aka gama, na ɗaura su a bayan babur na wuce da su bakin tafki kai tsaye, sannan na aika a kira shi.

"Ko kwana ɗaya ba za su yi a gidana ba?" ya tambaya.

"Ko wuni."

"Malam, ba ka yarda da ni ba."

"Na yarda da kai. Hannunka ne ban yarda da shi ba."

Ya cire tsofaffi huɗu, ya rataye sababbin a gurbinsu, yana yi yana ƙunƙuni. Ya ce in masu amya suka wuce suka ga Hudu ya ɗaura ɗanyen katako a itace, sunansa ya ɓaci daga nan har Kurfi. Amma kafin ya hau sai ya zaro sabulun wanki daga aljihu, ya goge rufin kowane sabon akwati ta ciki har ya yi santsi. Na tambaye shi dalili. Ya ce zuma daga sama take fara ɗaura saƙarta, in wurin ya yi santsi ba ta iya kamawa, sai ta yi fushi ta tafi. Ya san wannan tun yana yaro, bai dai taɓa samun dalilin korar zuma ba sai ranar. Bayan mako guda kuma ya saƙa amya shida, ya turara su har unguwa ta ɗauka, ya kai su can tudu nesa da ruwa, don duk tawagar zumar da ta taso ta samu wurin da ya fi akwati.

Duk da haka ta koma biyar cikin tsofaffi takwas. Sababbin huɗu ba ta taɓa su ba. Ba wanda ya taɓa su. Yuni ya wuce, Yuli ya wuce. Muna ganin 'yan bado bibbiyu cikin tafki suna tsinkar 'ya'yan bado, ko kallon sama ba sa yi. Hudu ya daina karanto mini labarin mujiya. Gero ya fitar da kai. Alhaji Rabo ya ce ya fasa gatari, ya yi magana da masu injin yanka itace a Karofi, za su zo da an gama girbi.

Ranar Talata, 27 ga Agusta, Hudu ya miƙa gorarsa bakin sabon akwati na uku, wanda ke kan kanya. Ya karkata madubin, ya daɗe. Ya sauke, ya goge madubin da bakin rigarsa, ya sake miƙawa. Sannan ya ba ni gorar. Ya riƙe mini gindinta, na duba. A ƙasan akwatin, cikin dusar katako, ƙwai uku ne farare masu ɗan ruwan madara.

Ya zauna a saiwar kanyar ya buɗe littafinsa. Na jira labari. Abin da ya rubuta kalma biyu ne.

Talatar da ta biyo sun zama tara. Muka je muka samu Alhaji Rabo a ƙofar shagonsa.

"Ƙwai?" ya ce. "Malam, kai mutumin kirki ne, ba ka san taubashina ba. Ƙwan zabin Rekiya ya kwasa ya zuba. Ni sai na ga agwagwar da idona tana shiga."

"Za ka gani," in ji Hudu. "Amma da sharaɗi. Ka taho da sassafe. Ban da farar riga, ban da waya. Kuma ba magana."

"Har yaushe?"

"Har ta zo."

"Wagga mugunta ce ka daɗe kana shiryawa."

Ya zo ranar Asabar, cikin wata tsohuwar riga ruwan ƙasa da ta yi masa kaɗan. Hudu ya zaunar da mu cikin ciyawa, taku arba'in daga kanyar, inda ƙasa take da laima. Alhaji Rabo mutum ne mai jiki, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin ya yi minti biyar bai yi magana ba. Ya yi awa ɗaya da minti hamsin. Na duba agogo. Sauro ya same shi, ya ɗaga hannu zai mara, Hudu ya harare shi, ya sauke hannun a hankali. Sau biyu ya ja numfashi zai ce wani abu, sau biyu Hudu ya ɗora yatsa a baki, kuma ban ga alamar yana jin tausayinsa ba.

Wajen ƙarfe tara saura suka taso daga cikin bado, su biyu, ƙasa-ƙasa, suna wani ɗan fito siriri. Suka zagaya kanyar sau ɗaya. Namijin ya karkata ya koma ruwa. Macen ta miƙe sak, ba ta rage gudu ba, ba ta sauka a reshe ba, ta shige ƙofar akwatin kamar an jefa ta.

Muka ja da baya a hankali har muka hau tudu. A nan Alhaji Rabo ya saki numfashi.

"Wannan 'yar abar? Wannan? Ko miyar mutum ɗaya ba za ta yi ba! A kanta na hana kaina kadada guda ta tumatir shekara uku?"

"Ƙwan zabi take kwanci, Alhaji," in ji Hudu.

"Rufe mini baki." Ya duba bayan wandonsa da ya jiƙe, ya karkaɗe abin da zai karkaɗu. Ya juya ya dubi layin itatuwan, ya daɗe yana kallo. Da ya sake magana, ni ya fuskanta, muryarsa ta sauka. "Malam, na ce in ta yi ƙwai. Ta yi. Allah ya jiƙan yarinya." Sannan ya juya ga Hudu. "Kai kuma, kai za ka je Karofi ka gaya wa masu injin kada su zo. Da ƙafa."

"Ba ni aron babur."

"Hau itace ka tafi."

Hudu ya je washegari, a bayan babur ɗin haya, ya dawo kafin azahar.

Ba wanda ya ga fitowar 'ya'yan. Kwana ɗaya kawai suke yi a ciki bayan ƙyanƙyasa, uwar ta kira su daga ƙasa su diro, kuma ba su jira Talata ba. Ranar ɗaya ga Oktoba madubi ya nuna akwatin ba kowa, sai Hudu ya hau ya sauko da abin da ya rage cikin hularsa. Muka baje a kan tabarma muka ƙirga: ɓawo bakwai da aka fasa daga ciki, ƙwai biyu da ba su yi ba. Ya ce ya hango su shekaranjiya cikin bado suna bin uwarsu, ya ƙirga shida, amma ganye ya yi yawa, ba zai rantse ba. Na rubuta bakwai a gurbin ƙyanƙyasa, na rubuta shida a gefe da alamar tambaya.

Bayan girbi Alhaji Rabo ya ja kwamin tumatirinsa ya tsaya taku ashirin kafin giyayya ta farko, ya kafa turakun iyaka a wurin.